An Kife Su Kwando Ɗaya

Shekarar Gilbert ashirin da tara a duniya, amma bai taɓa zura guga a rijiya ba. Ba ciwo gare shi ba, ba nakasa. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, wanda in ya zauna a kujerar katako ta barandar gidansu da ke bayan layin dogo a Kafanchan, sai kujerar ta yi ƙara. A kanta yake wuni, rediyo a cinya, wai yana jiran wasiƙar aiki daga Kaduna. Shekara uku ke nan ana jiran wasiƙar nan, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa ya je gidan waya ya aika da takardar nema.

Mai zura gugar ita ce ƙanwarsa Afiniki, 'yar shekara goma sha takwas. Ita ke ɗora masa ruwan wanka, ta sirka, ta kai masa bayan gida. Ita ke wanke rigunansa, ta sa gawayi a dutsen guga ta goge su, shi kuma ya saka ya koma baranda ya zauna. In an yi miyar kifi, ita ke cire masa ƙaya, don an ce wata ta taɓa maƙale masa yana ɗan shekara bakwai.

A watan Yuli na 1976 wasiƙa ta zo gidan, amma ba ta Gilbert ba. Gwamnati za ta buɗe karatun firamare kyauta, ana neman malamai ido rufe, sai kwalejin horar da malamai mata ta ɗauki Afiniki. An rubuta a fili: ta zo da wasiƙar a hannunta kafin sha biyar ga Satumba, in ta wuce ranar, a ba wata gurbinta. Ubansu, Malam Silvanus, hedimasta ne kuma dattijo a ikilisiya. Ya karanta sau biyu, ya kai majami'a ranar Lahadi ya nuna wa sauran dattawa, ya sha barka har ya ƙoshi. Da ya dawo sai ya kulle ta a lokar teburinsa, wai don kada gara ta ci.

Uwarsu Bernice, wadda duk unguwa ke kira Maman Gilbert kamar shi kaɗai ta haifa, ta shahara da kiwon kaji. Kuma gaskiya ta iya. In kaza ta ƙyanƙyashe, sai ta shafa wa 'yan tsakin jan galura don shirwa ta kasa gane su, ta kife su da uwarsu a babban kwando a tsakar gida. Sati uku cif, ba ta ƙara kwana ɗaya, sai ta ɗage kwandon ta sake su. In an tambaye ta dalili, sai ta ce ɗan tsakon da ya daɗe a kwando ƙafarsa sanyi take yi, ba ya iya tono, kuma ba ya sanin inuwar shirwa.

Wata safiya Afiniki tana wanki a bakin rijiya, baƙar kazar gidan ta juya kan 'ya'yanta da suka yi fiffike. Duk wanda ya matso kusa da ita sai ta kai masa sara a ka. Suka watse suna kuka, ɗaya ya nace ya dawo, ta bi shi har gindin gwanda.

Maman Gilbert ta yi dariya, ta tafa hannu. "Ka gani wannan kaza? Ya san aikinshi. Sun girma, kowa ya je ya nemi nashi. Ba kamar farin kazan maƙwabcinmu Kumai ba, da zai ja yara har su fi shi girma."

"Mama," in ji Afiniki, "saura sati bakwai na tafi kwaleji. Ba a gyara makullin akwatina ba."

"Za a gyara."

Daga baranda murya ta taso. "Afiniki, batir ya yi sanyi. Ki shanya mini a rana."

"Tashi ka yi mishi," in ji uwar. "Ka bar wanki tukuna."

Tsakanin kujerar Gilbert da rana taku huɗu ne. Afiniki ta ɗauraye hannu ta je ta shanya batir.

Ba wai bai taɓa samun aiki ba. An taɓa ɗaukarsa akawu a wata ƙaramar tashar jirgi. Kwana goma sha biyu ya yi, uwar ta hau jirgi ta je duba shi, ta tarar kumatunsa sun ɗan faɗa, ta haɗa kayansa da hannunta ta dawo da shi. Tun daga ranar magana ta zama ɗaya a gidan: Gilbert ba shi da ƙarfin jiki. Mutumin da ke tashi da malmala uku ta tuwon acca a zama ɗaya.

A tsakiyar Agusta ciwon cikin da Maman Gilbert ke ɓoyewa ya kayar da ita. Aka ce sai an yi mata aiki a asibitin mishan a Zonkwa, kuma dole a zo da mai jinya da za ta dafa abinci ta yi wanki. Malam Silvanus yana Kaduna wajen kwas na hedimastoci. Saboda haka Afiniki ce za ta bi uwar, Gilbert ya tsare gida.

A lokacin jar kaza tana cikin kwando da 'yan tsaki goma sha ɗaya, kwanansu tara. Kafin su fita Afiniki ta tsaya gaban yayanta ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya.

"Buroda, ga ɓarzajjiyar dawa a ƙwarya, ga kaskon ruwa. Safe da yamma. In ka ga hadari, ka ɗage kwandon ka kora su akurki. Wurin nan kwari ne, ruwa yana taruwa."

"Na ji," ya ce, yana murɗa rediyo.

"Buroda, in ka ga hadari..."

"Na ce na ji. Ni yaro ne?"

Uwar tana dafe da ciki a bakin ƙofa, amma ba ta kanta take yi ba. Tana faɗa wa matar maƙwabcinsu Kumai yadda Gilbert ke son kunu: kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, kuma a tace sau biyu.

Kwana takwas suka yi a asibiti. Afiniki ta kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon uwarta, ta ɗauki fo, ta dafa fate a murhun duwatsu a bayan ɗakin marasa lafiya. Uwar tana farfaɗowa daga allurar barci, abin da ta fara tambaya shi ne ko Gilbert ya ci abinci. Afiniki ta ji zafin wannan tambaya har cikin ranta, amma ta ce ya ci.

Da suka dawo, wari ne ya tare su tun daga ƙofar gida. Kwandon yana nan inda aka bar shi, rabinsa a cikin laka. Afiniki ta ɗaga. Jar kazar ta kumbura, fiffikenta a buɗe, 'yan tsakin suna ƙarƙashinta, galurar ta wanke ta yi ja a cikin taɓo. Da a sake take, da ta tashi ta hau katanga kamar sauran kaji. Amma an kife ta tare da su. Ƙwaryar dawa tana baranda, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Buroda, yaushe aka yi ruwan?"

"Ran Talata. Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. So kike na fita na jiƙe, sanyi ya kama mini ƙirji?"

"Daga nan inda kake zaune kana ganinsu."

"Na ɗauka za su san yadda za su yi. Kaji ne fa." Sai ya juya wajen uwarsa, ya ɗaga yatsa. "Mama, dubi abin da risho ya yi mini."

Ƙuna ce kamar ƙwayar wake. Ya gwada ɗora ruwan wanka ranar farko, bai sake ba, kuma bai sake wanka ba. Matar da aka ɗinke wa ciki kwana shida da suka wuce ta tsallake gawar kajinta, ta ja ƙafa har baranda, ta kama yatsan ƙaton nan tana hura masa iska, tana hawaye.

"Ka gani ko?" ta ce wa Afiniki. "Kwana takwas kawai. Dubi yadda ya koma. In ka tafi shekara uku fa? Gawanshi za ka zo ka samu."

A nan Afiniki ta gane inda aka dosa. Ita ta haƙa rami a bayan gida ta binne kajin. Ita ta ɗora masa ruwan wanka.

Daga ranar aikinta ya ninka. Da can ana raba hidimar Gilbert tsakanin mata biyu, yanzu ta koma kanta ita kaɗai, ga kuma jinyar uwa: wanke ciwo, dama kunu, kai ta bayan gida. Hannayenta suka tsattsage saboda ruwan toka da sabulu. In ta ɗauko maganar kwaleji, sai uwar ta dafe ɗinki ta juya fuska bango.

"Biyu na binne kafin shi," take cewa. "Shi kaɗai Ubangiji ya bar mini namiji. Ka na so ka kashe ni ne?"

Matan Zumunta na majami'a da ke zuwa gaisuwa suna kallon Afiniki tana kai da kawowa, su ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar kirki." Su wuce ta gaban Gilbert su gaishe shi da jiran aiki, kamar wanda ya dawo daga gona. Ba wadda ta taɓa tambayar me ya hana shi ɗebo wa uwarsa ruwa.

Shi kuwa hannunsa a wanke yake. "Ni ban ce kada ta tafi ba," yake faɗa wa duk mai saurare. "Ni ba ruwana. Magana ce tsakaninta da su Baba."

Ranar goma ga Satumba Afiniki ta sami ubanta, wanda ya dawo daga Kaduna, a ɗakinsa yana cika rajistar sababbin yara. Ta durƙusa.

"Baba, ina so a ba ni wasiƙata. Clara 'yar gidan Kumai za ta hau jirgin Litinin. Kwaleji ɗaya aka ɗauke mu, sai mu tafi tare."

Malam Silvanus ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Mutum ne mai son a ga yana tunani kafin ya yi magana.

"Afiniki, ke yarinya ce mai hankali. Kin ga halin da mamanki take ciki."

"Likita ya ce sati biyu ta warke. Jiya har kasuwa ta je."

"To, yayanki fa? Wa zai kula da shi?"

"Shi zai kula da kansa, Baba."

"Ba a saba masa ba."

"Sai ya saba." Afiniki ta ci gaba. "Baba, kai ka koyar da mu noma da kiwo a aji huɗu. Ka fitar da mu bayan makaranta ka nuna mana akuya tana harbin ɗanta da ƙafa don ya bar nono ya ci ciyawa. Ka ce ba ƙiyayya ba ce, ka ce uwar da ba ta kora ba ta gama aikinta ba. Har a jarrabawa ka kawo shi. Na ci."

Ya mayar da tabarau a hanci. "Mutum ba dabba ba ne," ya ce. "Kuma ba a yi wa uba lacca. Kwaleji ba gudu za ta yi ba. Baɗi ma shekara ce. Kafin nan wasiƙar Gilbert ta zo, ya yi aure, matarsa ta karɓe ki. Ki yi addu'a Ubangiji ya ba ki haƙuri."

"Wa zai ba shi mata, Baba?"

Ya ja lokar ya tabbatar a kulle take, ya jefa makullin a aljihu, ya koma kan rajistar 'ya'yan mutane.

Ranar Litinin da hantsi Clara ta leƙo da akwatin ƙarfe a ka. Ta tarar da Afiniki tana tace kunu, karo na biyu.

"Ki zo mu tafi haka nan," ta ce a hankali. "Mu roƙi firinsifal."

"An ce sai da wasiƙa a hannu. Kuma ko kuɗin jirgi ba a ba ni ba."

Clara ta dubi baranda. Gilbert ya ɗaga mata hannu. "A sauka lafiya. Ki yi karatu da kyau, ilimi shi ne komai yanzu."

Clara ta dube shi tun daga silifas har sumar da aka taje masa, ta juya ta fita. Gidan a bayan layin dogo yake, saboda haka Afiniki ta ji komai: usur, da tarin injin, da ƙarar taragu ɗaya bayan ɗaya. Kwanukan da ke jere a kantar ɗaki suka yi ta rawa har jirgin ya wuce. Ta yi kuka a tsaye, rariya a hannu, kuma ba ta ɓoye ba. Uwar ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Sha biyar ga wata ta zo ta wuce. Ba wanda ya ambaci ranar a gidan. Afiniki ta daina tambaya, ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Wannan ramar ba wanda ya hau jirgi ya zo dubawa.

A watan Oktoba makarantar Malam Silvanus ta kira taron iyaye, don wasu manoma sun ƙi sakin 'ya'yansu, musamman mata, su shiga karatun kyauta. Aka jera benci a gindin mangwaro. Aka sa Afiniki ta dama kunun gyaɗa cikin babbar tukunya ta kawo wa baƙi. Maman Gilbert ta zauna a layin gaba da ɗankwalin Zumunta, ɗanta a gefenta cikin farar riga mai ƙarin guga.

Malam Silvanus ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya zaro takarda daga aljihu ya warware.

"'Yan'uwa," ya ce, "ba sai mun je Ingila neman hikima ba. Tana nan a tsakar gidanmu. Ku dubi kaza. Tana rufe 'ya'yanta da fiffike, amma in lokaci ya yi, da bakinta take korarsu. Ku dubi akuya. Ku dubi tsuntsun da ke ture ɗansa daga sheƙa. Dabba ta san cewa ɗan da aka riƙe ya wuce lokaci, an kashe shi da rai. To, mu da muke da hankali da baftisma, kaza za ta fi mu?"

Aka yi dariya, aka tafa. Wani tsoho ya ce, "Gaskiya ne, Hedimasta."

Afiniki tana tsaye a gefe da ludayi. Ba maganar ce ta tsayar da ita ba, ta san ta tun aji huɗu. Takardar ce. Ubanta mutum ne mai tattalin takarda, ba ya yar da wadda bayanta ke fari. Ya rubuta jawabinsa a baya, saboda haka gaban takardar ne ke kallon jama'a. Daga inda take tana ganin tambarin kwaleji mai shuɗin tawada, da layukan tafireta, da sunanta da manyan baƙaƙe a sama. Duk lokacin da ya ɗaga hannu don ya jaddada magana, sai sunan ya yi sama ya dawo.

"Ku sake su!" in ji Malam Silvanus, yana kaɗa wasiƙar a iska. "Musamman 'yan mata. Kada son kai ya sa ku tsare yarinya a gida saboda wanke-wanke. Ubangiji zai tambaye ku."

Tafi ya ɓarke. Maman Gilbert tana gyaɗa kai, tana cewa amin. Gilbert ya fi kowa tafi, da tafukan nan nasa masu laushi da ba su san igiyar guga ba. Manoman da aka tara don a kunyata su suka sunkuyar da kai, alhali mafi lalacewa a cikinsu ɗansa ɗan shekara goma yana iya kai awaki kiwo ya dawo da su cif. Irin gidan Hedimasta ba a kiran taro a kansa. Ba a dukan kowa a ciki, ba a zagi, ana addu'a kafin a ci abinci. An dai ɗauki mutum ɗaya an hana shi girma, an ɗauki wata an hana ta tafiya don ta yi gadinsa, sannan ana kiran abin ƙauna.

Da aka gama, Malam Silvanus ya ninke takardar gida huɗu, ya goge zufar wuyansa da ita, ya ajiye a kan tebur ya ɗora kofinsa a kai.

Afiniki ta bi layi tana zuba kunu. Da ta iso gaba, Gilbert ya karɓi nasa ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya miƙo mata.

"Ya yi zafi."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta dubi teburin, inda gindin kofi ya riga ya jiƙa sunanta.

"Ka tsaya kallon mene?" in ji uwar. "Ka huce mishi mana."

Afiniki ta ɗauko wani kofi, ta shiga juya kunun daga wannan zuwa wancan, a gaban iyayen da aka gama koya wa yadda ake sakin yara.